Tsakanin Birni Biyu: Tafashiya da Ƙasar Kankiya da Kusada

   

Garin da aka taru a cikinsa yau sunan itaciya yake amsawa. Tafashiya tana da faffaɗan ganye, tana son gefen rafi da ƙasa mai damshi, kuma masu magani sun daɗe suna jiƙa saiwarta mai ɗaci don zazzaɓi da ciwon ciki. Maƙwabtan garin ma ba su ɓoye asalinsu ba. Rimaye jam'in rimi ne. Kafinsoli da Kafin Dangi suna ɗauke da kalmar kafi, wato shingen itatuwa da ake kafawa kewaye da gari a zamanin da ba a kwana da ido biyu rufe. A ɓangaren Kusada akwai Gidan Mutum Ɗaya, mararrabar da yau motoci ba sa yankewa a cikinta, amma sunanta na nan yana tona yadda ta fara. Ruwa da itatuwa, tsoro da hanya: duk abin da za a faɗa a wannan zama yana cikin sunayen nan tun kafin a buɗe littafi.

A fara da ƙasar kanta. Tudu ce shimfiɗaɗɗiya, mafi yawanta jigawa mai rairayi, da fadamu nan da can da duwatsu jefi-jefi. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne a kan wannan tudu na tsakiyar Katsina ruwan sama ke rabuwa gida biyu. Wanda ya gangara yamma yakan bi Karaduwa da Bunsuru ya faɗa gulbin Rima, ya ratsa ƙasar Sakkwato, ya shiga Kwara, ya ƙare a teku. Wanda ya gangara gabas kuwa rafukan ƙasar Kano yake bi zuwa kogin Haɗeja, ya nufi tafkin Chadi. Hadari ɗaya ne ya zubar da su, amma ba za su sake haɗuwa ba har abada.

Zama a kan irin wannan tudu yana da tsada. Ƙasar da ruwa ke tasowa daga cikinta ba ta samun babban kogi, sai rafukan da ke tumbatsa da marka su koma yashi kafin a gama sussukar dawa. Shi ya sa zancen rijiya da famfon tuƙa-tuƙa da madatsar ruwa irin ta Kusada ba ya tsufa a bakin mutanen nan. Damina ta gaske wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikinsu manomi zai haɗa abincin wata goma sha biyu. Gero ne ke fara ceton gida, dawa da maiwa su biyo baya, wake da gyaɗa suna rakuɓe a tsakanin kunya. A gonakin akwai kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya, sannan ga gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina don kada ya yi wa shuka inuwa, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba ke neman abin taunawa. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ba sai malamin gona ya yi masa bayani ba.

A ƙidayar 2006 an lissafa mutum 151,434 a ƙaramar hukumar Kankiya, a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 824. Kusada kuma mutum 99,267 a kan murabba'in kilomita 390. In aka raba, za a ga Kusada ta fi cunkoso: kimanin mutum 250 a kowane murabba'in kilomita, Kankiya kuma wajen 180. Jariran da aka ƙirga a goye a wancan lokaci yanzu wasunsu suna da nasu goyon, ita kuwa gonar ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Kowane rabon gado sai ya ƙara yanka ta.

Abu na biyu bayan ƙasa shi ne hanya. A ƙarshen Janairun 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Kano, ya shiga birnin ran 2 ga Fabrairu. Ta Kusada ya bi, ya wuce ta Bichi, kuma a littafin tafiyarsa ya ambaci Kusada cikin garuruwa masu girma na kan hanya. Ba shi ya share hanyar ba. Turbar fatake ce da jakai da raƙuma suka daɗe suna takawa, gishiri da kanwa suna gangarowa daga arewa, rinannun tufafin Kano suna haurawa. Garin da ke kan irin wannan turba yana cin abinci da baƙo: mai masauki, mai fura, mai sayar da harawa, maƙerin da zai gyara abin da ya karye. Tafiyar da Barth ya yi a kwana uku da ɗoriya yau direba yana yin ta tsakanin azahar da la'asar, amma har yanzu Bichi da Tsanyawa da Yashe da Kankiya da Charanchi suna jere a kan layi ɗaya kamar carbi.

Sai dai hanyar da ke kawo fatake ita ke kawo mahara. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Katsina ta faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu wajen 1807, ƙarƙashin masu tuta uku: Ummarun Dallaje, Ummarun Dumyawa da Malam Na Alhaji. Ummarun Dallaje ne ya zama sarki. Tsohon gidan sarautar Haɓe bai miƙa wuya ba, ya ja da baya ya kafa Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa, kuma daga can aka shafe mafi yawan ƙarnin ana kawo hari ƙasar Katsina har a kan iyakar Kano. Sunan Ɗanbaskore, sarkin Maraɗi, ya daɗe yana tsorata yara a ƙauyuka. A irin wannan zamani mutum ba ya gina gida shi kaɗai a tsakiyar gonarsa. Sai a cure wuri ɗaya, a kafa kafi ko a ja ganuwa, a fita gona da hantsi a dawo kafin almuru. Cunkoson tsofaffin unguwannin garuruwan nan, da lungunan da amalanke ba ta iya juyawa a cikinsu, daga nan suka samo asali.

Turawa sun shigo Katsina a 1903. A 1906 suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko sarki, sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa inda take har gobe. Abin da ya fi taɓa mutumin ƙauye shi ne sabon tsarin gundumomi. A da, mai sarauta yana zaune a birni, garuruwansa na warwatse, jakada ne ke kai-komo tsakaninsu. Turawa suka ce a'a, a haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka su zama gunduma ɗaya, hakimi ya tare a cikinta, dagatai a ƙarƙashinsa, masu unguwa a ƙarƙashin dagatai. Kowa ya san dalilin: haraji da jangali. Kuma da tsabar kuɗi ake biya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni suka buɗe sikeli, manomin da ke neman kuɗin haraji ya ga babu abin da ya fi gyaɗa saurin zama sule. Buhunan da aka yi dalar gyaɗa da su a Kano, da yawansu gumin irin waɗannan gonaki ne. Shekara sittin da ɗoriya ana haka, har farin 1973 ya zo, cutar da darɓa ke yaɗawa ta biyo baya a 1975, gyaɗar fitarwa waje ta durƙushe ba ta sake tashi kamar da ba.

A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, Kankiya ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Kaduna. Babba ce ƙwarai, don ƙasar Ingawa da Kusada da Musawa duk a cikinta suke. Ranar 23 ga Satumba 1987, da Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Katsina, ƙananan hukumomi bakwai kacal ta tashi da su: Katsina, Daura, Mani, Dutsinma, Funtuwa, Malumfashi da Kankiya. Aka yi ta yankawa har suka kai 34 a 1996, shekarar da Kusada ta samu tata.

Akwai wata shekara a tsakani da ta cancanci a tsaya a kanta, wato 1979. Da hawansa kujerar gwamnan Kaduna, Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Duk dattijon da ya ga yadda ake karɓar haraji, ya ga magidanci ya kwana a daji don gudun dogari, ko an ja akuyar gida an sayar a gabansa, ba zai ce an yi kuskure ba. An sauke wa talaka kaya mai nauyi. Abin da ba a yi ba shi ne maye gurbin harajin da wani abu mai adalci wanda zai sa hukuma ta ci gaba da bukatar mutumin ƙauye. Kuɗin mai na gangarowa daga Legas, daga baya daga Abuja, ya ratsa ta gidan gwamnati ya sauka a sakatariya. Hukumar da ba ta karɓar komai a hannun mutum ba ta jin dole ta yi masa bayani, shi ma ba ya jin yana bin ta bashi. In an haƙa masa rijiya sai ya yi godiya kamar an yi masa kyauta.

A duba yawan layukan da aka ja a kan mutumin Tafashiya. Ta fuskar sarauta yana ƙarƙashin Sarkin Katsina, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, kamar maƙwabcinsa na Kusada da ke ƙarƙashin Bebejin Katsina. Ta fuskar majalisar dattawa kuwa yana Katsina ta Arewa, wadda kowa ke kira shiyyar Daura, ko da bai taɓa taka Daura ba. A majalisar wakilai an ɗaura shi da Kusada da Ingawa. A zaɓen kansila mazaɓarsa Tafashiya da Nasarawa ce, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Kankiya. In kuma ciniki ya tashi, fuskarsa Kano take kallo. Shekarar 2018 ta nuna yadda layukan ke jan juna. Sanata Mustapha Bukar ya rasu, aka yi zaɓen cike gurbi, Ahmad Babba Kaita na Kankiya ya yi nasara a kan ɗan'uwansa Kabir Babba Kaita da ya tsaya a wata jam'iyya. Kujerar da ya bari a majalisar wakilai sai Abubakar Yahaya Kusada ya hau, ya bar ta kakakin majalisar jiha. Rasuwa ɗaya ta motsa kujeru daga Abuja har Katsina. Ko ta motsa wani abu a kwalbatin da ke hanyar gona, wannan kowa a nan ya fi mai magana sani.

Nan ne ya dace a leƙa wata ƙasa mai nisa, don wani lokaci mutum ba ya ganin girman ɗakinsa sai ya shiga na wani. A 1785, Amurka tana jaririyar ƙasa, majalisarta ta yi dokar auna filayen da ke yamma da tsofaffin jihohinta, yankin da yau ya ƙunshi Ohayo da Indiyana da Ilinoi da Mishigan da maƙwabtansu. Ma'auna suka ja layuka miƙaƙƙu, suka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida mil shida tsawo mil shida faɗi. Kowane ɗaya an sake raba shi kashi 36, kowane kashi eka 640, kuma kashi na 16 an keɓe shi don ɗaukar nauyin makarantar yankin. Wanda ya ratsa sararin wannan yanki a jirgin sama zai ga gonaki da tituna a jere kamar gidan dara. Kada a manta ƙasar tana da masu ita. Ƙabilun asali irin su Shawni da Mayami an ci su da yaƙi, an sa su hannu a yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan Ohayo a 1795, sannan aka sayar wa baƙi filayen. Layukan sun miƙe ne saboda ba a tambayi kowa ba.

Amma abin da ya tsiro a kan layukan shi ne abin dubawa. Waɗannan gidajen dara suka zama ƙananan gundumomi masu mulkin kansu. A Ohayo kaɗai akwai sama da 1,300, kowace da amintattu uku da ma'aji ɗaya waɗanda mazauna wurin ke zaɓa. Aikinsu ba mai ƙayatarwa ba ne: gyaran ƙananan hanyoyi, kula da maƙabarta, motar kashe gobara, da tsara inda za a yi gini da inda za a bari gona. Kuɗin daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, kuma in ana son ƙari don wani aiki, sai an kai maganar akwatin zaɓe mutane sun ce i ko a'a. Zaman amintattun a buɗe yake, tsohuwa na iya miƙewa ta tambayi dalilin da ya sa ba a cike ramin ƙofar gidanta ba.

Ga lissafi mai ban sha'awa. Mil shida sau shida ya kama kusan murabba'in kilomita 93. In aka raba faɗin Kankiya da mazaɓunta goma, kowace za ta tashi da kusan 82. Wato mazaɓar Tafashiya da 'yan'uwanta, in aka yi musu kuɗin goro, kusan girmansu ɗaya da gundumar can. Bambancin shi ne waccan tana da asusu da ma'aji da ikon yanke shawara, wannan kuwa kansila ɗaya gare ta, ba baitulmali ba kasafi.

Ɗaya daga cikin gundumomin can ma ta yi kama da nan ta wata fuska. Kanton, a jihar Mishigan, tana tsakanin birni biyu, Ditiroit da An Aba, kuma an san ta da noman masara. A 1970 mazaunanta ba su wuce dubu goma sha ɗaya da 'yan kai ba. Aka shimfiɗa babbar hanya ta gefenta, ma'aikatan birni suka gane suna iya kwana a can su yi sammako zuwa aiki, gonakin masara suka koma rukunin gidaje da kantuna. A ƙidayar 2020 mutanenta sun haura dubu 98. Masarar ta tafi, wasu tsofaffin manoma sun yi kuɗi, wasu sun yi kuka. Kankiya na da nisan kilomita sittin ko kusa da haka daga Katsina, ga aikin mayar da hanyar Kano tagwaye, ga birane biyu suna kumbura. Ba a ce gobe za ta zama unguwar bayan birni ba. Amma duk wanda ya ga yadda filayen bakin titi ke tashi daga gona su koma fuloti da gidan mai ya san iskar ta fara kaɗawa, kuma dokar filaye ta 1978 ta damƙa amanar ƙasa a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da takardar filayen karkara. Unguwar da filin ke cikinta ba ta da kujera a teburin.

To, ta yaya garuruwan nan suke tafiya ba asusu? Da aljihun mutanensu. In rufin masallaci ya yaye, bayan sallar Juma'a ake shimfiɗa darduma a tara. In taransifoma ta ƙone, gida-gida ake bi. Famfo ya lalace, matan unguwa ne ke fara haɗa na makanike, don su ne tulu ke jira. Albashin malamin Islamiyya, man babur na 'yan sintiri, kuɗin motar da za ta kai mai naƙuda babban asibitin Kankiya da tsakar dare, likkafanin wanda bai bar komai ba, duk daga nan suke fita. Gayya ta ragu a gona tun da kuɗin ƙwadago ya shigo, amma tana nan a gyaran maƙabarta da cike zaizayar hanya kafin damina. Mata suna da nasu bankin, adashi, da nasu inshorar, biki: abin da ta kai wa ƙawarta ranar suna a rubuce yake a ka, kuma zai dawo da ƙari ranar nata. A bayan katangun da baƙo ke wucewa yana zaton ba a komai, ana soya ƙuli, ana matsar man gyaɗa, ana dafa kalwa don daddawa, ana kiwon akuyar da za ta biya kuɗin jarrabawa. Mutanen da aka ce an soke musu haraji a 1979 suna biyan haraji kusan kowane mako. Rasit ne kawai babu.

Kaso mai tsoka na kuɗin daga ci-rani yake zuwa. Da an kai amfanin gona rumbu, samari sai su ɗaure jaka: Kano, Kaduna, Abuja, Legas, Fatakwal. Wani acaɓa, wani dako, wani ga-ruwa, wani gadi, wani turin baro. A da sai an jira mai zuwa gida a ba shi saƙo a ƙulle cikin leda. Yanzu waya ake bugowa, tsoho ya je wurin mai POS ya karɓa. Hadarin farko na haɗuwa, tashoshi su cika da masu komowa. Saboda haka garin da ake gani a watan Maris rabin gari ne, sauran rabin yana kwana a shaguna da ƙarƙashin gadoji yana aiko da abin cefane. Ranar Lahadi kuma hanya ta cika da masu jan shanu da tumaki zuwa kasuwar Charanchi, inda dillali ke sa hannu cikin hannun riga ya gama cinikin sa ba tare da na gefe ya ji ko nawa ba.

Zaman manomi da makiyayi ma yana cikin wannan lissafi. Tsohon tsari a bayyane yake: bayan girbi Bafulatani ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da damin hatsi, matan ruga su kawo nono su koma da tsaba. Abin da ya riƙe tsarin shi ne burtali da makiyaya da mashaya, kuma su ne gonar da ba ta ƙaruwa ta fara ci. In an cinye burtali, saniya ba ta da fiffike.

Rashin tsaron da ya addabi jihar ya fara ne daga ƙananan hukumomin yamma masu iyaka da dajin Rugu da Zamfara, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara. Lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, 'yan'uwa na nesa da yawa sun bugo waya a firgice, don a rubutun Turanci Kankara da Kankia sun yi kama. A lokacin ana iya cewa ba nan ba ne. Daga baya wutar ta matso ta ɓangaren Matazu da Musawa da Dutsinma har ta taɓa ƙauyukan wannan yanki. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai na jiha a Oktoban 2023, ta ɗebi matasa daga garuruwansu, saboda ɗan gari ne ya san wace hanya ke ɓullewa ina. Jikokin waɗanda suka kafa kafi sun wayi gari suna sake tunanin inda za su kwana.

Kankiya dai tana da abin da take taƙama da shi. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya Iro, wadda ɗalibanta ke riƙe da ƙananan asibitoci a faɗin jihar, ga tashar rarraba lantarki a kan layin da ya taso daga Kano zuwa Katsina, ga mararrabar Dutsinma da ta Ingawa. Amma manyan shawarwari biyu na 'yan shekarun nan sun nuna inda ake yanka da inda ake jira. A 2016 aka sa hannu a yarjejeniyoyin samar da lantarki daga hasken rana, ciki har da tasha mai ƙarfin megawat 75 a Kankiya, kuma shekaru sun shuɗe ana jiran wutar. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, sai aka bi da shi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi kafin ya shiga Katsina ya fita ta Jibiya. Turbar da Barth ya bi, wadda ta fi kusa, an bar ta da motocinta. In jirgin ya fara ɗaukar kayan da tireloli ke ɗauka yanzu, mai shayi da mai faci da mai abinci na bakin titin Kankiya za su ji a jikinsu.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo ba su da hurumi a tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau, ko da yake aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Gwamnatin jiha ma ta fito da shirin raya al'umma da ya ɗauki mazaɓu 361 na jihar a matsayin tushe. Sai dai ko kuɗin sun iso sakatariyar Kankiya da ta Kusada cif-cif, tsakanin sakatariya da Tafashiya akwai sauran tafiya, kuma babu kotun da za ta yi wa mutane wannan tafiyar.

Abin da ake roƙon wannan taro ba ya bukatar izinin kowa. A samu littafi ɗaya, a damƙa shi ga mutum uku da gari ya yarda da su, cikinsu har da mace, a riƙa rubuta duk abin da aka tara da abin da aka kashe, a karanta shi a fili bayan kowane girbi. Garin da ya san nawa ya kashe daga aljihunsa a kan famfo da taransifoma bana, zai iya zaunar da kansila ya tambaye shi nawa hukuma ta kawo, ba tare da sunkuyar da kai ba. A tafi da masu unguwa da ardo a taka burtalin da ya rage a kafa masa alama kafin shuka mai zuwa. Ku kuma 'yan makaranta masu waya a hannu, dattawan da suka biya haraji da hannunsu, suka ga sikelin gyaɗa, suka sha farin 1973, ga su nan zaune a sahun gaba. Ku je gidajensu cikin wannan makon, ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su wa ya fara saran dajin nan da inda tsohuwar rijiyar gari take, ku naɗi muryarsu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba da damina mai albarka.